Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga David Braben Kan Tazarar Taurari A Wasan Elite Dangerous

Zuwa ga Yallaɓai David Braben, wanda ya kafa kamfanin Frontier Developments, Kambirij, Ingila.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto maka a bainar jama'a ne saboda maganar ta shafi duk wanda ya taɓa buɗe taswirar galaksi a wasan kwamfuta na tuƙa jiragen sararin samaniya mai suna Elite Dangerous ya tsaya yana lissafin inda man jirginsa zai iya kai shi. Na san tun shekarar 2022 ka sauka daga kujerar babban jami'in gudanarwa na kamfanin, amma wasan nan daga hannunka ya fito, kuma maganarka a kansa ba ta faɗuwa ƙasa banza. Roƙona guda ne: a kiyaye bambancin da ke tsakanin wuraren da taurari suka yi cunkoso da wuraren da suka yi ƙaranci, kada a bari dogon tsallen da sababbin jirage suke yi daga tauraro zuwa tauraro da kuma faɗaɗa matsugunai su shafe shi.

Kai ka fi kowa sanin asalin wannan batu. A 1984, lokacin da kai da Ian Bell kuka fitar da Elite na farko a kan kwamfutar BBC Micro mai ƙwaƙwalwar kilobait 32 kacal, kun cusa galaksi takwas a ciki, kowanne da gidajen taurari 256 (gida shi ne tauraro da duniyoyin da ke kewaye da shi), wato 2,048 ke nan gaba ɗaya. Tankin jirgi ba ya ɗaukar man da ya wuce tafiyar shekarar haske 7, wato nisan da haske yake ci cikin shekara bakwai. Wannan ƙaramar lamba ita ce ta zana hanyoyin fatauci, ita ce ta sa wani gari ya zama mahaɗa, wani kuma ya zama lungu, har ma aka samu gidajen da tsallen yau da kullum ba ya kai musu saboda babu maƙwabci kusa. Mai wasa yana haddace hanya daga Lave, inda ake fara wasan, kamar yadda yake haddace sunan jirginsa, domin hanyoyin ba su da yawa, kuma kowace tana da dalilinta.

Da Elite Dangerous ya fito a Disambar 2014, sai kuka yi abin da ya fi wancan girma nesa ba kusa ba: galaksinmu sukutum, a girmansa na gaskiya, da gidajen taurari kimanin biliyan 400. Wanda zai ziyarci gida ɗaya kowane minti, ba barci ba hutu, sai ya shafe fiye da shekara 760,000 kafin ya gama. Wannan adadi shi ake yawan ambata a tallace-tallace, amma a ganina shi ne mafi ƙarancin abin mamaki a cikin aikin, domin zuba lambobi masu yawa ba ya yi wa kwamfuta wuya. Wasan No Man's Sky ya ninka naku sau miliyoyi a yawan duniyoyi. Abin da ya bambanta naku shi ne yadda aka rarraba taurarin. Stellar Forge, injin lissafin da ya samar da taswirar, bai watsa su daidai-wa-daida ba; ya bi nauyin abin da masana suka ƙiyasta yana cikin kowane yanki, ya cika tsakiya maƙil, ya shimfiɗa hannuwan galaksi, ya bar gurabe a tsakaninsu, sannan ya riƙa rage yawansu yayin da ake hawa sama ko gangarawa ƙasa daga faifan galaksin, har su ƙare ƙarƙaf a gefe.

Haka abin yake a sararin samaniya na gaskiya. Tauraro mafi kusa da rana, Proxima Centauri, yana nisan shekarar haske 4.2, tauraron Barnard yana kusan 6, Sirius yana 8.6. Duk gidajen da ke cikin tazarar shekarar haske 10 daga gare mu kusan goma ne kawai. A unguwarmu ke nan, wadda ba ta cikin masu cunkoso kuma ba ta cikin kufai. A kusa da Sagittarius A*, baƙin ramin da ke tsakiyar galaksi mai nisan shekarar haske kusan 26,000, taurari suna matse da juna ninkin-ba-ninkin fiye da nan. Wanda ya je can a cikin wasan ya san yadda sararin yake zama fari fat, yadda taswira take cika da ɗigo har ido ya kasa tsince ɗaya, da yadda a shekarun farko na'urar tsara hanya take daɗewa tana laluben mafita saboda zaɓi ya yi mata yawa. Wanda kuma ya nufi gefe ya san akasin haka: allon ya yi baƙi ƙirin, galaksi duka ya koma wani zirin haske a bayansa, ya juya taswira hagu da dama yana neman tauraro ɗaya tak da tsallensa zai kai.

A nan ne lissafin yake da muhimmanci, kuma ina roƙon ka yi haƙuri in faɗi abin da ka riga ka sani domin sauran masu karatu. Sarari yana da tsawo da faɗi da zurfi, saboda haka idan aka ninka nisan tsalle sau biyu, gidajen da jirgi zai iya kaiwa ba sau biyu suke ƙaruwa ba, sau takwas ne. Jirgin da ke tsallen shekarar haske 10 a unguwa irin tamu yana da zaɓi kusan goma. Wanda ke tsallen 20 yana da kusan 80. Wanda aka yi wa gyaran injiniyoyi har ya kai 80, kamar yadda wasu jiragen bincike suke kaiwa a yau, yana da zaɓi kusan 5,000 a kowane tsalle. Ƙara da cewa tauraron niyutiron yana ninka tsalle sau huɗu, kuma tun 2020 manyan jiragen dako na 'yan wasa suna tsallen shekarar haske 500 a tashi ɗaya. Ga mai irin wannan ƙarfi, gurbin da ke tsakanin hannuwan galaksi ya daina zama gurbi. Taurarin suna nan inda kuka ajiye su, ba wanda ya gusa, amma matafiyi ya daina jin bambancin wuri da wuri.

Mutanen da suka san ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma za su gane wannan da wuri. Madugu ba ya auna hamadar Tenere da tsawon hanya, da rijiyoyi yake auna ta, kuma darajar Fashi ta zo ne daga kasancewarta ruwa a tsakiyar inda babu ruwa. Taurarin da ake ɗiban mai daga gare su, rukunin O, B, A, F, G, K da M, su ne rijiyoyin wannan wasa, kuma jerin dusassun taurari masu launin ƙasa da ba su ba da mai shi ne busasshen zango. Ba don wannan ƙaranci ba, da ƙungiyar Fuel Rats, wadda 'yan wasa suka kafa da kansu a 2015 domin kai wa waɗanda mansu ya ƙare ɗauki, ba ta samu dalilin wanzuwa ba. Ba don shi ba, da tafiyar ayarin 'yan wasa ta Distant Worlds a 2016 zuwa Beagle Point da ke can gefen galaksi, mai nisan shekarar haske fiye da 65,000 daga rana, ba ta zama abin labari ba. A lokacin, gurbin da matafiya suke kira Abyss yana tare duk jirgin da tsallensa bai haura 30 ba, sai mutum ya cire kayan jirginsa ya rage nauyi, ya sauka a kan duwatsun wata duniya ya tsinci ma'adinai irin su niyobiyam da foloniyam domin haɗa abin ƙara wa tsalle ƙarfi, sannan ya tsara hanyarsa da hannu, tauraro bayan tauraro. Da aka sake tafiyar a 2019, mutum fiye da 10,000 suka rubuta sunansu, kuma abin da ya ja su shi ne labarin wahalar da na farko suka sha.

Ba ina cewa a mayar da hannun agogo baya ba. Akwai masu aiki da iyali waɗanda awa ɗaya ko biyu kawai suke samu a mako, kuma tafiyar shekarar haske 22,000 zuwa Colonia, matsugunin da ke can nesa cikin galaksi, da ƙaramin tsalle za ta cinye musu watanni. Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma abin da aka riga aka ba mutane ba a karɓe shi cikin daɗin rai. Abin da nake cewa shi ne an kai wani matsayi da duk ƙarin da za a yi nan gaba, ribarsa kaɗan ce ga mai gaggawa, asararsa kuwa babba ce ga taswirar kanta. Idan ana son sabon jirgin bincike ya yi farin jini, akwai hanyoyin da ba sai an ƙara masa tsalle ba: ya fi jure zafi wurin ɗiban mai, ya fi saurin leƙa duniyoyi, ya fi iya sauka a wuri mai tsananin nauyi.

Inda na fi damuwa shi ne tsarin kafa matsugunai da kuka buɗe a Fabrairun 2025. Ƙa'idar da kuka sa, cewa sai gidan da ke cikin tazarar shekarar haske kimanin 15 daga wani matsuguni za a iya nema, ita ce mafi hikimar abin da aka yi a wannan fanni cikin shekaru. Ta dawo da irin lissafin 1984. A inda taurari suka yi yawa, matsugunai suna bazuwa ta kowace fuska. A inda suka yi ƙaranci, sai a bi siririn layi, wani lokaci ma gida ɗaya ne rak ya haɗa wannan yanki da wancan, kuma nan take wannan gida, ko da ba shi da komai sai dusasshen tauraro da dunƙulen ƙanƙara, ya zama abin rububi. Ana ta kiraye-kirayen a ɗaga wannan iyaka zuwa ninki biyu ko uku domin a daina gina tashoshin da ba kowa a cikinsu a kan hanya. Ƙorafin gaskiya ne, domin jerin tashoshin da aka gina don a taka a wuce ba abin sha'awa ba ne. Amma maganinsa yana wajen sauƙaƙa ginin zango ko ba shi wani amfani, ba wajen ɗaga iyaka ba. Ninka 15 sau uku yana nufin ninka zaɓi sau 27, kuma daga ranar da aka yi haka babu sauran mashigi da za a yi gardama a kansa. Kamfanin da ya yi wasan Stellaris ya fahimci wannan a 2018, lokacin da ya soke sauran hanyoyin tafiya na farkon wasa ya bar layuka ƙayyadaddu tsakanin taurari, domin a samu wuraren da za a iya tsarewa. Su sai da suka ƙirƙiri layukan da gangan, kamar yadda ƙofofin da ke haɗa taurari a wasan EVE Online suke. Ku kuwa rarrabuwar taurarin da kanta ta ba ku su kyauta.

Akwai wata magana da ke yawan tasowa, wadda ra'ayina a kanta ya saɓa wa na wasu abokan wasa masu son ilimin taurari. Lokacin da kuka gina taswirar, kun dogara da kundayen da ake da su, musamman na kumbon Hipparcos wanda ya auna taurari kimanin 118,000 tsakanin 1989 da 1993. Kumbon Gaia, wanda aka harba a Disambar 2013, ya zo ya auna kusan biliyan 1.8, kuma a cikin tazarar shekarar haske 326 kaɗai ya lissafa fiye da 330,000. Ya kuma gyara wasu kurakurai. Kaza da 'Ya'yanta, wadda Hipparcos ya ajiye a kusan shekarar haske 390, ta tabbata tana kusan 440, alhali a cikin wasan tauraron Maia, ɗaya daga cikin taurarinta, yana nan a lissafin da. Haka kuma akwai wuraren da taurarin kundi suka jeru kamar sanda suna nuno rana, saboda an san gefen da suke amma ba a san nisansu daidai ba, da wuraren da iyakar akwatunan lissafin Stellar Forge take fitowa fili, cunkoso ya yanke tsaf kamar an sa wuƙa. Wasu suna son a sake zuba taswirar bisa bayanan Gaia. Ni ban goyi bayan haka ba. Miliyoyin gidaje suna ɗauke da sunayen waɗanda suka fara isa gare su, an yi yaƙi da Thargoid, baƙin halittun da ke gaba da mutane a wasan, a kewayen Maia inda yake yanzu, kuma gusar da tauraro ɗaya yana iya yanke hanyar da wani ya yi mako yana nema. Abin da kuka yi a 2017, da aka sanar da duniyoyi bakwai na tauraron TRAPPIST-1 kuka sa shi a gurbin wani gida da injin ya riga ya samar a kusan wannan wuri, shi ne daidai: gyara ɗaya-ɗaya, inda ba zai rushe maƙwabta ba.

Abin da zan so a ƙara, kuma ba na jin zai ci kuɗi mai yawa, shi ne taswirar ta riƙa nuna cunkoso a fili. A yanzu sabon matuƙi ba ya gane cewa ya shiga yanki mai ƙarancin taurari sai na'urar tsara hanya ta ce masa ta gaza. Da akwai launi da ke nuna yawan gidaje a kowane yanki, da adadin waɗanda tsallensa na yanzu zai kai, da nisan tauraron mai mafi kusa, da ya koyi karanta galaksi tun kafin ya bar tasha, kuma masu shirin kafa matsugunai da sun ga mashigan da idonsu. 'Yan wasa sun daɗe suna haɗa irin waɗannan taswirori a wajen wasan daga bayanan tafiye-tafiyensu, alhali ainihin lissafin yana hannunku.

Saboda haka, ranka ya daɗe, idan maganar ɗaga iyakar neman matsuguni ko ƙara tsallen wani sabon jirgi ta zo gabanka, ina roƙon ka sa a fara gwada ta a gefen galaksi da kuma gurabun da ke tsakanin hannuwansa, a ƙidaya mashigai nawa za su ɓace, a kuma bayyana wa 'yan wasa sakamakon kafin a yanke hukunci.

Allah ya ƙara lafiya da basira.

Naka,
Wani kwamandan jirgin bincike.