Rahoton shekara: aikin tara ciyayin ruwa

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Ga abinda ƙungiya ta yi bana a taƙaice, duk da dai kusan ƙarfinmu gaba ɗaya a kan ciyawa guda ya ƙare, wato Potamogeton, wadda take nutse cikin ruwa ba kamar kainuwa da ke yawo a sama ba. Masani Linnaeus ne ya tabbatar mata da sunan a 1753, da yaren Girka ma'anarsa maƙwabciyar kogi.

Mun je dam ɗin Tiga da na Challawa, masunta ne suka shiga da mu a kwale-kwale, Allah ya saka musu, don sun fi mu sanin inda take, ita ce ke naɗe musu koma. Fitar farko kam asara muka yi wallahi, muna cirota daga ruwa sai ta dunƙule kamar jiƙaƙƙen zare, muka danne ta haka nan cikin jarida don ta bushe, ga damina, kafin sati duk ta yi funfuna. Sai wani dattijonmu da ya koyar da ilimin tsirrai ya ce ku kawo faranti mai faɗi ku cika da ruwa, a saki ciyawar ta baje da kanta, a zura takarda mai kauri ta ƙarƙashi a ɗago a hankali. Kowane ganye ya kwanta a wurinsa, har jijiyoyinsa kana gani in ka ɗaga wa haske. Jarida kuma kullum sai an canza. Da hunturu ya shigo abin ya yi sauƙi sosai.

Inda zan ɗan yi faɗa shi ne takardar bayani. Wasunku sun kawo samfuri masu kyau amma ba wuri, ba kwanan wata, ba zurfin ruwa, ba sunan wanda ya ciro. Irin wannan ko ma'ajiyar tsirrai ta Ibadan ko ta Kew a Landan ka kai ba abinda zai tsinana. Kuma a riƙa neman mai 'ya'ya don Allah, ganyen wannan ciyawar yana rikiɗa gwargwadon ruwan da ya tsiro, 'ya'yan ne ke raba gardama.

Kuɗin shiga sun tafi a mota da takarda da kwali, ma'aji zai karanto dalla-dalla ranar taro. Ƙwari sun fara taɓa kwali ɗaya, muna so a daskarar da samfuran a firiza don ƙwarin su mutu, amma ga halin wuta, duk mai sola a gida ya yi wa sakatare magana.