Wasiƙa zuwa ga Lawali a Fatakwal, kan idon yaran wankin mota

Sakkwato,
Daren Lahadi.

Zuwa ga aminina Lawali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, saƙonka ya iso ni, kuma na yi murna da jin ka samu fili can Fatakwal za ka buɗe wa ƙanenka Sanusi wurin wankin mota. Allah ya sanya albarka a ciki. Ka tambaye ni irin injin feshin ruwan da ya dace da girman tankin da zai wadatar, kuma zan kira ka a kan haka cikin makon nan. Abin da ya zaunar da ni rubutu a daren nan shi ne abin da ba ka tambaya ba, wanda ni ma ban taɓa tambayar kowa ba a shekarun da na yi ina wannan sana'a, sai da na kusa makantar da ɗan mutane a rumfata.

A watan Afrilun bara ne, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40, aka kawo mana wata motar haya injinta ya yi baƙi ƙirin da mai. Yarona Nura, wanda ya fi kowa ƙwazo a wurin, ya ɗauko garin soda, irin wadda mata ke saye don haɗa sabulu, ya tula ta a bokiti, ya zuba ruwa kaɗan a kai, ya sunkuya yana juyawa da sanda. Soda idan ta haɗu da ruwa zafi take fitarwa, ruwan tankinmu kuwa dama rana ta riga ta dafa shi, sai haɗin ya tafasa ya yi tsartuwa ya same shi a idon hagu. Ihun da yaron nan ya yi har yau yana cikin kunnena. Kafin ka ce kwabo jama'a sun kewaye shi, wannan yana cewa a nemo nonon mai shayarwa, wancan yana cewa a ɗiga ruwan sukari, wani dattijo kuma ya ce a matsa lemun tsami don ya kashe kaifin sodar. Ni kaina tsaye nake riƙe da soso, na rasa abin yi.

Allah ya sa akwai wata Hajiya ma'aikaciyar jinya tana zaune a benci tana jiran motarta. Ta ture kowa, ta kwantar da shi a kan tabarmar salla, ta karkata kansa yadda idon da ya ƙone ya koma ƙasa, ta karɓi butar alwala, ta buɗe fatar idon da yatsunta biyu duk da yana fizge-fizge, ta riƙa tsiyaya ruwa daga wajen hanci yana gangarawa ta wajen kunne don kada ya shiga ɗaya idon. Buta ta ƙare aka cika, ta ƙare aka sake cikawa, muka fasa ledojin fiya wata sun fi ashirin, tana ta ce masa ya juya ƙwayar idonsa sama da ƙasa. Ta duba agogo, ba ta bari aka ɗauke shi ba sai da aka cika minti 30, sannan ta ce a tafi asibiti da buhun sodar a hannu, a ci gaba da zuba ruwan a cikin mota. Nura ya tsira da ganinsa, sai dai akwai 'yar hakiya a gefen baƙin idon, kuma har yau hasken rana yana sa shi hawaye.

Likitan ido ne ya yi mini bayanin da nake so ka fahimta, domin ya saɓa wa abin da muka ɗauka. Mu tsoron ruwan batir muke yi, wanda asid ne, muna ganin soda ai kayan sabulu ce kawai. To a ido soda ta fi muni. Asid yana ƙona saman ido ya dafe shi kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a kasko, kuma wannan daskarewar takan rage masa saurin nutsewa. Soda kuwa, ka tuna abin da take yi wa manja a tukunyar masu sabulu, narkar da maiƙo take yi, haka take narkar da tantanin ido tana ratsawa ciki cikin 'yan mintuna, kuma tana ci gaba da ci bayan an ɗauka an wanke. Shi ya sa wanki na fari ya fi saurin kai wa asibiti muhimmanci. Wanda ya ɗauki yaro a babur ya ruga ba tare da ya wanke idon ba, ya bar sodar tana aiki duk tsawon hanya. Kuma ba a kashe soda da tsami a cikin ido, ba a murza shi, ba a sa kwalli ko wani maganin ɗigawa da ya rage a gida. Ruwa mai tsabta ne kawai, mai yawa, na tsawon lokaci. Yawancin magungunan wanke inji da na cire maiƙo dangin soda ne ko da ba a rubuta da manyan baƙaƙe ba, don haka ka ɗauke su da wannan matsayi.

Akwai asid ɗaya da ya fita daga wannan ƙa'ida, kuma abin takaici shi ne ake zubawa a wasu magungunan wanke wilin mota masu sa alminiyam ƙyalli nan take. Sunansa haidurofulorik. Yana ratsa fata ya shiga nama ya janye sinadarin kalsiyam na jiki, kuma idan an sirka shi da ruwa ba lallai mutum ya ji zafi a take ba, sai bayan sa'o'i, cikin dare, yatsa ya kama zugi a ƙarƙashin farce. Maganinsa a fata wani man shafawa ne na kalsiyam gulukonet, wanda ba kowane kemis ke ajiye shi ba. Shawarata ita ce kada Sanusi ya saye shi sam, kuma kada ya sayi kowane ruwan wanke wili da aka ɗura a gorar lemo babu takarda, komai arharsa. Burushi da sabulu da ɗan haƙuri suna fitar da wili, minti biyar ɗin da za a ƙara bai kai yatsa ba.

Game da tabarau, kada a yaudare ka da baƙin gilashin 'yan acaɓa ko farin tabarau mai buɗaɗɗen gefe, domin tsartuwa ta sama da ta gefe take shigowa, musamman idan mutum ya durƙusa gaban taya ko yana fesa ƙarƙashin mota, ruwan yana dawo masa da yashi da baƙin mai. Wanda ake bukata shi ne mai roba da ke manne wa fuska ruf, mai igiya ta bayan kai, wanda kafofin iskarsa suke a rufe ta yadda ruwa ba zai faɗa kai tsaye ba. Ka duba jikinsa, na ƙwarai yakan ɗauki tambarin Z87 na Amurka ko EN 166 na Turai. Zan faɗa maka gaskiya, sayensa ba wuya, sa yara su saka shi ne aiki. Da zafi yana yin gumi ya dushe, sai ka ga yaro ya tura shi goshi kamar ado. Na yi faɗa har na gaji, daga baya na gane dokar da ta yi tsauri ba ta ɗorewa, sai na taƙaita ta a wurare huɗu da ba na sassautawa, wato haɗa magani, wankin inji, wankin wili da ƙarƙashin mota, da taɓa batir. Duk haɗin ranar da sassafe ake yin sa, mutum ɗaya ne yake yi, da safar hannu ta roba irin wadda ake kira naitiril da takalmin roba, a zuba ruwa mai sanyi a bokiti tukuna sannan a riƙa barbaɗa maganin kaɗan-kaɗan, ba a fara zuba magani a bi shi da ruwa ba. Hausawa suka ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Ƙwararrun yarana ne suka fi sakaci, ba sababbi ba.

Sauran abubuwan zan ambata a gurguje. Kada a haɗa ruwan bilic irin su Hypo da kowane abu mai asid, domin iskar kulorin yake fitarwa, wadda aka yi amfani da ita a matsayin makami a yaƙin duniya na farko a 1915, kuma cikin mota mai rufaffen gilashi ba ta da hanyar fita. Kada a fesa magani a kan inji ko wili mai zafi, tururinsa ido da huhu yake tafiya. Batir yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta, don haka babu sigari ko tartsatsi kusa da shi. Kada a wanke hannu da fetur. Janareta kuma ya zauna a sarari, nesa da inda yara ke kwana.

Abin da ya fi tayar mini da hankali bayan ido shi ne gora. Ruwan soda fari ne tas kamar ruwan sha, kuma wurin wankin mota ba ya rabuwa da almajirai da 'ya'yan masu motoci. Na hana zuba kowane magani a gorar ruwa ko ta lemo, na sa an rubuta sunan abin da ke cikin kowace jarka da boko da ajami, tunda yarana da yawa allo suka yi, na kuma nuna musu alamar nan mai jan layi kusurwa huɗu da ake zana ruwa yana ɗiga a kan hannu da ƙarfe yana cin su. Idan ƙaddara ta sa yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, domin abin da ya ƙona maƙogwaro da shiga zai sake ƙona shi da fita. Asibiti kai tsaye.

Yanzu a rumfata akwai jarka mai lita 25 ta ruwa mai tsabta a inuwa, da buta sabuwa rataye a kanta, ana sauya ruwan kullum, kuma ko ni ban isa in yi alwala da shi ba. Ka sa Sanusi ya tanadi irinta kafin motar farko ta shigo, ya kuma san asibitin da ke da likitan ido mafi kusa da shi. Na sayi tabarau huɗu irin waɗanda muke amfani da su, zan ba direban da zai taso ranar Alhamis ya kawo maka, don ya ga samfurin kafin ya shiga kasuwa.

Ka gaida Sanusi da maiɗakinka da yara. Nura ma yana gaishe ka, shi ne mai haɗa magani yanzu.

Naka amini,
Bello