Masu neman karatun kwamfuta na bukatar jagora

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin iyaye da shugabannin makarantun sakandare na arewacin Kamaru. Da zarar sakamakon Bakaloriya, wato jarrabawar kammala sakandare, ya fito, sai ka ga yaranmu sun cika shagunan intanet, kowa na son a cika masa rajistar karatun kwamfuta a jami'a, alhali da yawansu sun ɗauka koyon buga takardu ne. To, shekarar farko lissafi ne ya fi yawa, sai tsara matakan warware matsala da rubuta manhaja. Wanda ya fito daga sashen C (lissafi da kimiyya) ko TI (fasahar sadarwa da kwamfuta) na sakandare ya fi samun sauƙi.

Kuma ƙofar shiga ba ɗaya ba ce. Tsangayar kimiyya ta Jami'ar Ngaundere takardu take dubawa, digirin farko shekara 3. Amma IUT, wato cibiyar koyar da fasaha ta Jami'ar Ngaundere, da makarantar Politeknik ta Jami'ar Marwa sai an ci jarrabawar gasa, wadda ke da nata wa'adin. Yaron da bai san haka ba yakan yi asarar shekara guda.

Kuɗin rajista a jami'o'in gwamnati sefa 50,000 ne a shekara, wannan da dama-dama. Hayar ɗaki da sayen kwamfutar hannu ne ke karya iyaye, kuma karatun ba ya yiwuwa da wayar salula kaɗai.

Roƙona, jami'o'in nan su riƙa tura malamai ajin ƙarshe na sakandare tun kafin jarrabawa, su yi bayani har da Hausa da Fulatanci, iyaye ma su halarta.

Wassalam.

Wani malamin lissafi,
Garwa