Amsa ga Baba mai walda: dalilin da ya sa ɗalibanmu ke fara riƙe fensir kafin ƙarfe

Assalamu alaikum Baba, Allah ya ƙara girma.

A taron iyayen yara da aka yi a makarantarmu ta koyon sana'a a nan Maroua ta Kamaru, ka miƙe ka tambaye ni dalilin da ya sa jikanka ya yi makonni yana zane da lissafi, alhali yaran shagonka tun ranar farko suke kama ƙarfe. Lokaci ya ƙure a ranar, shi ya sa nake amsawa a rubuce.

Aikin da na ba ajinsu shi ne su tsara kurar ɗan ga-ruwa wadda za ta ɗauki jarka goma masu lita 20, kuma ban ba su samfurin da za su kwaikwaya ba. Sai da suka fara zuwa wurin masu tura kurar suka ji kukansu, sannan suka gano da kansu cewa tunda lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kilo 200 za a tura, ban da nauyin ƙarfen, a kan yashi irin na gefen kogin Mayo Kaliao inda siririyar taya ke nutsewa. Daga nan gardama ta kaure a kan inda za a sa sandar da ke riƙe tayoyin, domin idan ta yi nisa da mai turawa nauyin zai koma hannunsa, idan kuma ta matso shi da yawa kurar za ta riƙa kifawa gaba. Rukunin jikanka sau uku suna canza zanensu, kuma duk kuskuren nan a kan takarda da ƙaramin samfuri na waya ya ƙare, ba a yanka bututu ko ɗaya ba, kai kuwa ka fi ni sanin tsadarsa a kasuwa.

Ba zan musa maka ba, a yau hannun yaranka ya fi nasa faɗawa a walda, kuma hakan yana damuna, tunda jarrabawar CAP ta samun takardar shaidar sana'a da ke jiransa a ƙarshen shekara ta huɗu akwai aikin hannu a cikinta. Abin da nake nema shi ne ranar da mai albasa ko manomin auduga zai kawo masa matsalar da ba a taɓa ƙera mata komai ba, ya san ta inda zai fara.

Ranar Alhamis za su haɗa kurar ta gaske. Ina roƙonka ka zo ka duba waldar da idonka, duk inda ba ta kama ba ka sa su sake.

Naka,
Malamin ajin ƙere-ƙere