Kotun ECOWAS tana nan Abuja, me ya hana mu kai ƙara?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da ’yan uwana masu fafutukar zaman lafiya a Arewa, ƙungiyoyin matasa da na mata da lauyoyinmu duka. Ina ganin ƙoƙarinsu wallahi, ana taro a otal, ana addu’a, ana zuwa jaje, ana rubutu a Facebook har yatsa ya gaji. Amma akwai ƙofa ɗaya da muka bari a rufe alhali mabuɗinta na hannunmu, wato yarjejeniyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da gwamnatocinmu suka sa wa hannu da kansu, ba wanda ya matsa musu.

Da ka ambaci wannan sai wani ya ce kai rabu da su, takardun Turawa ne, ba abin da suke tsinanawa. To ai Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da na al’umma shugabannin Afirka ne suka amince da ita a Nairobi a 1981, kuma Najeriya ta mayar da ita dokar ƙasa tun 1983, ma’ana ko alƙalin babbar kotu a Kano ko Gusau zai iya yanke hukunci da ita. Sannan ga kotun ECOWAS, a Abuja take zaune fa, ba Geneva ba, kuma tun 2005 aka ba ta ikon sauraron ƙarar mutum ɗaya kan gwamnatin ƙasarsa, ba sai ka gama zagaye kotunan gida shekara goma kafin ka je ba.

Wanda ke shakka ya nemi labarin Hadijatou Mani ta Nijar. An sayar da ita tana ’yar shekara 12 a 1996 kan sefa dubu 240, a matsayin wahaya, wato baiwar da ake mayarwa ƙwarƙwara, a can yankin Birnin Ƙonni. Ta yi shekaru tana bauta, da ubangidan nata ya ba ta takardar ’yanci a 2005 sai kuma ya ce ai matarsa ce ba inda za ta, ta je ta auri wanda take so, sai kotu ta yanke mata ɗaurin wata shida wai ta yi aure kan aure. Ka ji fa. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta a Nijar ce ta tsaya mata, tare da wasu ƙungiyoyin waje, suka kai gwamnatin Nijar kotun ECOWAS, a watan Oktoban 2008 kotun ta ce gwamnati ta gaza kare ta daga bauta, ta biya ta sefa miliyan 10. Kuma an biya. Matar ƙauye ce wadda ba ta da kowa a gwamnati, abin da ta samu kawai shi ne mutanen da suka san hanya kuma ba su gaji ba.

Maƙwabtanmu na Chadi ma haka. Tsohon shugaban ƙasarsu Hissène Habré ya gudu Senegal a 1990 ya yi zamansa lafiya lau, waɗanda aka azabtar a gidajen yarinsa irin su Souleymane Guengueng, tare da lauyarsu Jacqueline Moudeina, suka ƙi haƙura sama da shekara 20, har Beljiyam ta kai Senegal kotun duniya bisa yarjejeniyar hana azabtarwa, a 2012 kotun ta ce ko ku yi masa shari’a ko ku miƙa shi. A 2016 aka yi masa ɗaurin rai da rai a Dakar.

Yanzu mu dawo gida. A Disamban 2015 abin da ya faru a Zariya tsakanin sojoji da ’yan Shi’a, kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa da kanta ya tabbatar an binne gawa 347 a rami ɗaya a Mando, ya kuma ce a hukunta sojojin da ke da hannu. Ko kana son ’yan Shi’a ko ba ka son su wannan ba shi ne zancen ba, rai rai ne. A Janairun 2017 jirgin yaƙi ya saki bam kan sansanin ’yan gudun hijira a Rann. Ran 3 ga Disamban 2023 kuma Tudun Biri, mutane na Mauludi jirgin sojoji marar matuƙi ya sakar musu bam, hukumar NEMA ta ce an binne 85, sojoji suka ce kuskure ne. Manya suka yi ta tururuwa da buhunan shinkafa da alƙawura, mu kuma muka ce Allah ya jiƙan musulmi, ya kiyaye gaba, shi ke nan aka wuce. Addu’a wajibi ce, amma tawakkali bai hana neman haƙƙi ba, ko a shari’ar Musulunci kisan kuskure akwai diyya, kuma diyya haƙƙi ce da ake bin mutum, daban take da tallafin da gwamna zai kawo yana ɗaukar hoto.

’Yan Kudu sun fi mu sanin wannan hanya, gaskiya ce ko da ɗaci. Ƙungiyar kare haƙƙi ta SERAP da ke Legas ta kai Najeriya wannan kotu a kan ilimi, a 2010 aka ce karatun firamare kyauta haƙƙin kowane yaro ne, kuma yaran waye suka fi yawa a titi in ba namu ba? Da aka rufe Twitter a 2021 ma can suka nufa, a 2022 kotu ta ce rufewar ta saɓa doka.

Na san abin da za a ce, gwamnati ba ta bin hukuncin. Haka ne sau da yawa. Kotun ta ce a saki Sambo Dasuki a 2016, sai ƙarshen 2019 aka sake shi, ta ce a saki Bazoum a Disamban 2023 sojojin Yamai suka yi kunnen uwar shegu. Amma hukunci a rubuce yana nan ba ya ruɓewa, gwamnati na canjawa, kuma dole lauyan gwamnati ya zo gaban alƙalai ya yi bayani da bakinsa, wanda a taron otal ba mai tilasta masa. Abin da ya fi damuna ma shi ne Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ana ta tafi ana murna, ba wanda ya tsaya ya tambaya, to wata Hadijatou ta gobe ina za ta kai kukanta?

Roƙona ga ƙungiyoyinmu, cikin kuɗin da ake kashewa a taro da rigunan taro a ware na lauya, a je ƙauyukan nan a rubuta sunayen mamata da shekarunsu, a ɗauki bayanan shaidu tun suna raye, a adana takardun asibiti da hotuna, don ba a cin shari’a da hawaye. Ku kuma Malam Edita, ku tura wakilinku Tudun Biri ya tambayi iyalan me ya shiga hannunsu zuwa yau, ya kuma tambayi hedikwatar tsaro ina aka kwana kan jami’an da aka ce za a gurfanar a kotun soja, ku buga mana amsar da Hausa.

Na gode.

Mai karanta jaridarku a kullum,
daga Rigasa, Kaduna