Tsofaffin injuna: kafin a ɗaga guduma

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili don jan hankalin masu aikin sa kai da ke ceto tsofaffin injuna daga hannun 'yan gwangwan. Aiki ne mai kyau, sai dai da yawa daga cikin injunan nan a hannun masu ceton suke ƙarasa mutuwa, saboda gaggawa.

Ɗauki Lister CS, injin dizal na girke wanda aka fara ƙerawa a Ingila a 1929. Samfurinsa na 6/1 mai silinda ɗaya ƙarfin doki 6 gare shi, yana juyi 650 a minti. Idan ya shekara goma a ajiye, tsatsa kan kame fistin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zura ƙarfe a babban wilinsa a danna da ƙarfin tsiya, sai sandar fistin ta lanƙwashe ko ringi ya kakkarye. A cire kan silinda, a zuba kananzir ko man dizal a kan fistin, a bar shi mako biyu zuwa uku ana ƙarawa, sannan a ɗora guntun katako a riƙa bugawa a hankali. Katako fa, ba ƙarfe ba.

Sai noti. Tsofaffin injunan Ingila zaren Whitworth ne da su, wato irin yankan zaren noti na tsarin 1841, mai kusurwa digiri 55, na zamani kuwa 60. Notin yau zai shiga zagaye biyu ya cije. Wanda ya matsa da sifana ya cinye zaren. Don haka kada a yar da ko da noti ɗaya, a ɗauki hoto kafin a kwance komai, kowane sashe da gwangwaninsa da alamarsa.

Jikin injin ƙarfen zubi ne, ba ya son walda yana sanyi. Idan ya tsage, a huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a ɗumama wurin, a yi waldar da sandar nikel kaɗan-kaɗan, a binne shi cikin busasshen yashi ya huce a hankali. Shi ma wilin, a rataye shi a ƙwanƙwasa: lafiyayye kan yi amo kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa sautinsa a dushe yake, kuma idan ya tarwatse yana gudu zai iya kisa.

Injin sassaƙar ƙarfe kuwa, darajarsa tana kan shimfiɗar da kan wuƙa ke zamewa a kai. Wanda ya bi ta da injin guga don ta yi ƙyalli ya kashe daidaitonta har abada. Kananzir da tsumma da reza a kwance sun isa, sai a shafa mai.

Fenti shi ne na ƙarshe. Tsohon fenti kan ƙunshi dalma, a jiƙa shi kafin a kankare, a kuma rufe hanci.

Daga wasu makanikai masu kula da tsofaffin injuna