Masu hawan keke, ku ƙirga haƙoran giya kafin ku damu da nauyi

Assalamu alaikum Edita. Ka ba mu ɗan fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana da masu hawan keke don motsa jiki da nishaɗi. Abin da ke damunmu shi ne, da zarar tudu ya fara gagarar mutum, sai ya ɗora wa nauyin keken laifi, ya shiga neman sirdi mara nauyi da ƙafafun keke na kabon, wato wani abu mai ƙarfi mara nauyi da ake ƙera kayan keke da shi, masu tsada. Galibi matsalar tana cikin giyar da yake hawa da ita.

Lissafin giya ba wuya. A raba yawan haƙoran faifan gaba, wanda feda ke juyawa, da yawan haƙoran faifan baya, sannan a ninka da kewayen taya. Tayar keken titi mai lamba 700 tana cin wajen mita 2.1 a juyi ɗaya. Keken da ƙaramin faifansa na gaba ke da haƙora 39, babban na baya kuma 25, yana tafiya mita 3.3 duk zagayen feda ɗaya, kuma wannan ce giyarsa mafi sauƙi. Idan mutum yana hawan tudu a gudun kilomita 8 a awa, ƙafarsa za ta yi zagaye 40 ne kacal a minti, ga danna feda da ƙarfin tsiya, ga ciwon gwiwa a bayansa. Idan aka sa 34 a gaba da 34 a baya, zagaye ɗaya mita 2.1 ne, kuma a wannan gudun ƙafa za ta yi zagaye 63. Numfashi zai daidaita, cinya ba za ta mutu da wuri ba. A shimfiɗaɗɗen titi ana son zagaye 80 zuwa 90.

Wasu na gudun faifan gaba guda biyu, babba mai haƙora 50 da ƙarami mai 34, wai zai rage musu gudu. Wannan tsoro ba shi da tushe: 50 a gaba da 11 a baya, a zagaye 90, ya haura kilomita 50 a awa. Mai hawan nishaɗi nawa ne yake riƙe wannan gudun in ba a gangara ba?

Batun nauyi kuwa, mutum mai kilo 75 a kan keke mai kilo 10, jimilla 85 ke nan. Cire kilo ɗaya daga keken, wanda aiki ne mai cin kuɗi sosai, bai wuce kashi 1.2 cikin ɗari ba. A tudu mai tsini da ake hawa cikin minti 30, ribar daƙiƙa 20 ce ko kusa da haka. Gorar ruwa ɗaya mai cin kashi uku cikin huɗu na lita ta kusa cinye wannan kilon. A kwance kuma iska ce babbar abokiyar gaba, domin turjiyarta na ninkuwa huɗu idan gudu ya ninku biyu, shi ya sa riga mai kama jiki da ɗan sunkuyawa suka fi rage nauyi amfani. Hatta ƙwararrun 'yan tsere, hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana musu keken da bai kai kilo 6.8 ba tun shekarar 2000.

Sai dai sauya faifan baya ba a yinsa da ka. Macanjin baya, wato hannun da ke tura sarƙa daga faifai zuwa faifai, yana da iyaka biyu: faifai mafi girma da zai iya hawa, da yawan sarƙar da zai iya tattarewa. Ta biyun ana samunta ne da haɗa bambancin gaba da na baya. Da 50 da 34 a gaba, 11 zuwa 34 a baya, 16 ne a tara da 23, wato 39. Macanjin kamfanin Shimano samfurin 105 mai giya 11 misali ne: mai gajeren hannu ya tsaya a haƙora 30, mai matsakaicin hannu shi ke kai 34. Wanda ya tilasta wa gajeren zai ji ƙaramar tayar macanjin tana gugar faifai.

Dole kuma a ƙara tsawon sarƙa. A naɗa ta a kan babban faifan gaba da babban na baya ba tare da ta bi ta cikin macanjin ba, a ƙara inci ɗaya, a yanke a nan. Gajerar sarƙa na iya fizge macanjin gaba ɗaya ranar da aka manta aka haɗa manyan faifan biyu. Bayan haka a daidaita sukurori uku: mai alamar L yana hana sarƙa faɗawa cikin wayoyin ƙafar keken, mai H yana hana ta zamewa ta waje, mai B kuma yana ba da tazara tsakanin macanjin da babban faifai. Sukurun L shi ne wanda ba a wasa da shi, domin kuskurensa kan tsinka wayoyi ya kayar da mahayi. A kuma tabbata abin canjin da ke hannu, da macanjin, da faifan baya, da sarƙar duk na adadin giya ɗaya ne. Sarƙar giya 9 ta fi ta giya 11 kauri, ba za ta zauna daidai a tsakanin faifan mai giya 11 ba.

Sau da yawa ma abin da ake kira keke ya yi nauyi, sarƙa ce ta cinye. Sabuwar sarƙa, cikakkun gaɓoɓi 12 inci 12 ne cif. Idan suka ƙaru da milimita ɗaya da rabi, wato rabin kashi ɗaya cikin ɗari, mai giya 11 ko 12 ya canza ta. Mai giya 10 zuwa ƙasa zai iya kai wa kashi 0.75. In aka bar ta ta wuce haka, za ta sassaƙe haƙoran baya, sabuwar da aka sa daga baya ta riƙa tsalle duk lokacin da aka danna feda, sai an sayi duka biyun.

Wanda ya gama da waɗannan kuma yana da sauran kuɗi, ya sa su a taya. Mai laushi, faɗin milimita 28 zuwa 32 idan jikin keken da birki sun ba da wuri, da iska daidai nauyin mahayi ba tamau ba, tana rage girgiza kuma tana mirginawa da kyau a titi mai gargada. Wanda kuma ya nace sai ya sa kayan kabon, ya nemi sifana mai auna ƙarfin ɗauri ya bi lambar da aka rubuta a jikin kayan, domin kabon da aka matse fiye da kima yakan tsage ta ciki ba tare da an gani ba.

Mun gode, Edita. Allah Ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Daga wasu masu gyara da hawan keke